Gida Biyu Maganin Gobara: Wa'azi Kan Haƙƙin Mai Neman Mafaka



Kowane ɗan katekisma ya san misalin Basamariyen nan da Ubangiji Yesu ya bayar a Bisharar Luka sura 10. Mun san mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko, mun san firist da Balawe da suka ratse suka wuce, mun kuma san wanda ya tsaya. Amma akwai wani mutum a cikin labarin wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba, shi ne mai masauki. Basamariyen ya ɗaure raunukan, ya ɗora majinyacin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye sai ya danƙa shi a hannun mai gidan, ya ba da dinari biyu, ya kuma yi alkawari cewa duk abin da aka kashe bayan wannan zai biya idan ya komo. Ashe ran mutumin nan ya tsira ne ta hannun mutum biyu: ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗaya ya ɗauki nauyin biya. Da mai masauki ya rufe ƙofarsa, da kuɗin bai yi amfani ba. Da Basamariyen ya ajiye shi ya tafi ba ko anini, da mai masauki ya gaji kafin raunin ya warke.

A kan wannan haɗin gwiwa muke so mu yi tunani yau, domin shi ne ginshiƙin abin da ƙasashen duniya suka ƙulla a tsakaninsu game da 'yan gudun hijira.

Mu da muke zaune a Rijiyar Lemo, da Fagge, da Sabon Gari, ba mu bukatar wani ya koya mana ma'anar masauki. Fagge tun asalinta zango ce a bayan ganuwar Kano, inda ayarin Azbinawa yakan sauke gishiri, fatake su kwana a gidajen masu masaukinsu. Sabon Gari kuwa an kafa ta wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, domin baƙin da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Titin Katsina da ya ratsa Rijiyar Lemo, idan mutum ya bi shi bai tsaya ba, zai kai shi Katsina, ya kai shi Jibiya, ya tsallaka da shi iyaka har Maraɗi. Ta wannan ɓangaren ne Buzaye suka gangaro Kano a lokacin farin 1973 da 1974, bayan dabbobinsu sun ƙare. Daga cikin unguwannin nan ne kuma dubban mutane suka gudu a 1966, suka bar gidaje da shaguna, wasu suka komo bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairu 1970. Ƙasar nan da muke takawa ta ga mai zuwa neman mafaka, ta kuma ga mai fita neman mafaka. Gaskiyar Bahaushe da ya ce gida biyu maganin gobara.

Iyali Mai Tsarki ma sun sha wannan ƙoƙon. Matiyu sura 2 ta gaya mana yadda Yusufu ya tashi da dare, ya ɗauki jaririn da mahaifiyarsa Maryamu, ya tsere Masar saboda takobin Hirudus. Mai Ceton duniya ya fara rayuwarsa yana ɗan gudun hijira a nahiyarmu ta Afirka. Bishara ba ta faɗi sunan wanda ya sauke su ba, amma lalle wani ya ba su ɗaki, wani ya ba Yusufu aikin sassaƙa, wata ta nuna wa Maryamu inda rijiya take. Saboda haka ne Paparoma Piyus na 12, a cikin takardarsa ta 1952 mai suna Exsul Familia, ya sa Iyalin Nazarat a matsayin madubin duk wanda aka raba da ƙasarsa.

To, mene ne ƙasashe suka amince da shi? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya warwatsa miliyoyin mutane a Turai, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira a ƙarshen 1950. A ranar 28 ga Yuli 1951 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Jeneba, wadda ta bayyana wane ne ɗan gudun hijira: mutumin da ya bar ƙasarsa domin yana da dalilin jin tsoron tsanantawa saboda launin fatarsa ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko rukunin jama'ar da ya fito. Da fari yarjejeniyar ta shafi abubuwan da suka faru kafin 1951 ne kaɗai, sai ƙarin da aka yi mata a 1967 ya buɗe ta ga dukan duniya. A wannan shekarar ce Nijeriya ta shiga cikinta. A 1989 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa da Doka mai lamba 52.

Shugabannin Afirka sun ga cewa wannan bayanin bai wadatar da mu ba, domin a nan yawanci ba mutum ɗaya ake farauta ba, gari ne sukutum yake tashi idan yaƙi ya zo. Don haka a ranar 10 ga Satumba 1969 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ƙulla tata yarjejeniyar a Adis Ababa, ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da duk wanda mamaya ko babban hargitsi ya tilasta wa tsallaka iyaka. Ta fara aiki ran 20 ga Yuni 1974, abin da ya sa 20 ga Yuni ta zama Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya tun daga 2001. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi duk suna cikinta. Idan muka tace takardun nan, za mu ga alkawari uku ne a ciki, kuma kowane ɗaya yana da tushe a cikin Maganar Allah.

Alkawari na farko shi ne ƙofa. Ba za a kori mai neman mafaka a bakin iyaka ba, ba kuwa za a mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa yake cikin haɗari ba. Tun kafin Jeneba, Shari'ar Musa ta hana a mayar da bawan da ya tsere ga ubangidansa, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a sura 23, ta kuma keɓe birane shida na mafaka a Littafin Ƙidaya sura 35. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da wannan a tarihinsu. Wajen shekara ta 615, sa'ad da tsanani ya yi yawa a Makka, wasu daga cikin Musulmin farko suka yi hijira zuwa Habasha, ƙasar wani sarki Kirista da ake kira Najjashi. Ƙuraishawa suka aiko da manzanni da kyautai domin a mayar musu da su. Sarkin ya saurari ɓangarorin biyu, ya ƙi ba da su. Duk Kiristan da yake zaune a Kano ya kamata ya riƙe wannan labari, gama gādo ne da ya haɗa mu da mutanen da muke kasuwa ɗaya da su.

Wannan alkawari an sha karya shi, kuma a kusa da mu. A Janairu 2018 hukumomin Nijeriya suka miƙa wa Kamaru mutum 47, cikinsu har da Sisiku Ayuk Tabe, jagoran masu neman ɓallewar yankin masu magana da Ingilishi, alhali da yawansu sun nemi mafaka a nan. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da haka, kuma a Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa abin ya saɓa wa doka. A farkon 2019 kuma, bayan harin da aka kai garin Rann a Jihar Borno, dubban mutane suka tsallaka Kamaru, aka tisa ƙeyar da yawansu zuwa inda suka fito. Dubi yadda abin yake: ƙasar da ta mayar da 'ya'yan maƙwabciyarta bara, bana nata 'ya'yan ake mayarwa. Haka Gana ta kori baƙi a 1969, cikinsu da Hausawa da Yarabawa masu yawa, Nijeriya kuma ta kori 'yan Gana da sauran baƙi a 1983. Ko da yake yawancin waɗancan masu neman abinci ne, ba masu gudun yaƙi ba, darasin ɗaya ne. Ƙofar da ka rufe wa wani yau, gobe kai ne za ka tsaya a bayanta kana ƙwanƙwasawa.

Alkawari na biyu shi ne raba nauyi, wato dinari biyu na Basamariye. Yarjejeniyar 1969 ta ce ba da mafaka aikin salama ne da jinƙai, kada wata ƙasa ta ɗauke shi a matsayin gaba. Ta kuma ce idan nauyi ya yi wa wata ƙasa yawa, tana da ikon kiran 'yan'uwanta su rage mata. A Disamba 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sake jaddada wannan a cikin wata sabuwar yarjejeniya ta duniya kan 'yan gudun hijira. Dalili kuwa a fili yake. A ƙarshen 2024 mutanen da aka raba da gidajensu a duniya sun haura miliyan 120, kuma daga cikin waɗanda suka tsallaka iyaka, kusan biyu cikin uku suna zaune ne a ƙasar da take maƙwabtaka da tasu. Masu masaukin duniya yawancinsu talakawa ne: Cadi da ta karɓi ɗaruruwan dubban mutanen Sudan tun daga Afrilu 2023, Yuganda, Habasha, Bangaladash, da Nijar.

Mu dubi Maraɗi, wadda titinmu yake kaiwa gare ta. A 2019, da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutane fiye da 40,000 suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi kafin shekarar ta ƙare, galibinsu mata da yara. Kafin wata hukuma ta iso, mutanen ƙauyukan Gidan Runji ne suka buɗe musu zaure da rumbu, alhali su kansu hatsinsu ba ya kai su kaka. Daga baya gwamnatin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya suka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka yi rijiyoyi da makarantu da asibitocin da baƙo da ɗan gari suke amfani da su tare. Wannan shi ne misalin Ubangiji a aikace: ƙauye ya ba da ƙofa, duniya ta kawo dinari. Masu sanin tarihi kuma za su tuna cewa a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, a Maraɗi ne sarakunan Katsina na dā suka sami wurin zama, Gobirawa kuma a Tsibiri. Garin da ya san ɗacin hijira bai manta ba.

Amma Basamariye ya yi alkawarin komowa ya biya saura, kuma a nan ne duniya take gazawa. A 2025 Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zabge kuɗin agajin da suke bayarwa, hukumomin jinƙai suka rage abinci, suka rufe wasu ayyukansu. Idan aka rage kwanon ɗan gudun hijira, rumbun mai masauki ne yake cikewa, idan rumbun ya ƙare kuma sai ƙauna ta fara tsami. Haka nan rikicin shugabanni yakan faɗa kan marasa ƙarfi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, abinci da magani suka yi tsada a garuruwan da suke ɗauke da 'ya'yanmu. A Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Duk da haka alkawarin 1951 da na 1969 suna nan daram a kan ƙasashen biyu, gama ba a kan ECOWAS aka gina su ba. Muna roƙon mahukuntan Abuja da na Yamai, kowane irin saɓani ne a tsakaninsu, su bar hanyar jinƙai a buɗe.

Alkawari na uku shi ne komawa gida da yardar rai. Ku lura da Yusufu. Bai bar Masar ba sai da Hirudus ya mutu. Da ya ji Arkilayus ne yake mulkin Yahudiya a gurbin ubansa, sai ya ji tsoro, ya nufi Galili ya zauna a Nazarat. Uba ne ya auna haɗarin, Allah kuma ya bi da shi. Haka doka ta ce: ba a mayar da ɗan gudun hijira sai da son ransa, cikin aminci da mutunci. A kan wannan ne Nijeriya da Kamaru da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu a Yawunde a Maris 2017, game da 'yan Nijeriya da suke sansanin Minawawo tun 2013. A kan wannan ne kuma aka komo da dubban yaran da aka kwashe zuwa Gabon da Kwaddibuwa a lokacin yaƙin basasarmu, bayan wuta ta mutu. Komawa kuwa ba ta yiwuwa sai an kashe gobarar da ta kori mutane. Birninmu ya taɓa ɗaukar wannan aiki: a Maris 1979 a nan Kano aka tara shugabannin ɓangarorin Cadi, har da Gukuni Waddai da Hisen Habre, domin a sulhunta su. Sulhun bai daɗe ba, a 1980 faɗa ya sake ɓarkewa a Injamena, jama'a suka tsallaka kogi zuwa Kuseri, wasu har Maiduguri. Wannan ya nuna mana cewa sa hannun manya kaɗai ba ya isa idan zukata ba su tuba ba.

Mun san abin da yake ran wasunmu. Wani zai ce, a wannan zamani na 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, yaya za mu san wanda muke saukarwa? Tambaya ce ta mai hankali, kuma birnin da ya ga ranar 20 ga Janairu 2012 yana da dalilin yin ta. Yarjejeniyoyin nan ba su ce a rufe ido ba. Sun cire wanda ya aikata laifin yaƙi ko wani babban laifi daga wannan kāriya, sun kuma wajabta wa ɗan gudun hijira bin dokar ƙasar da ta sauke shi. Maganin tsoro shi ne rajista da tantancewa da sanin juna. Baƙon da aka rubuta sunansa, mai unguwa ya san shi, maƙwabta suka san ɗakinsa, ya fi zama lafiya ga kowa a kan wanda aka kora ya ɓuya a kango. Gwauruwar da ta tsere da 'ya'ya huɗu daga hannun 'yan bindiga, zalunci ne a haɗa ta da waɗanda suka kashe mijinta.

Wani kuma zai ce, mu kanmu da ƙyar muke ci. Gaskiya ne. Amma gwauruwar Zarefat ma garinta tafi ɗaya ne sa'ad da Iliya ya sauka a wurinta, tukunyarta kuwa ba ta ƙare ba. A Yola, a 2014, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar Majami'ar Tsattsarka Tereza ga dubban mutanen da suka gudo daga Boko Haram, bai tambayi addinin kowa ba. A 2021 dayosis ɗin ya miƙa gidaje 86 ga waɗanda ba su iya komawa ba, tare da coci da masallaci. Marigayi Paparoma Faransis, wanda tafiyarsa ta farko a wajen Roma ita ce zuwa tsibirin Lamfedusa a Yuli 2013 domin makokin waɗanda suka nutse a teku, ya komo daga tsibirin Lesbos a 2016 da 'yan Siriya 12 a cikin jirginsa, dukansu Musulmi. Ekklesiya ba ta duba takardar baftisma kafin ta miƙa ruwa.

Ya kamata mu san wani bambanci. Yawancin waɗanda suka sauka a unguwanninmu daga Borno, ko Yobe, ko Zamfara, ba su tsallaka iyakar ƙasa ba. 'Yan ƙasa ne kamarmu, suna da haƙƙin zama ko'ina a Nijeriya, kuma yarjejeniyar Kamfala ta 2009, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2012, ta ɗora wa gwamnati nauyin kula da su. Wanda ya zo daga wata ƙasa kuwa, daga Kamaru, ko Sudan, ko Afirka ta Tsakiya, abin da ya fi bukata shi ne a nuna masa hanyar yin rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, domin takardar nan ce garkuwarsa daga kamu da kora.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da muke roƙonku. Masu gidajen haya a cikinmu, kada ku ninka kuɗi domin kun ga mutum ba shi da zaɓi, ku kuma yi haƙuri da wanda ba zai iya biyan shekara guda a dunƙule ba. Masu shaguna a kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari, ku ɗauki yaro ɗaya ku koya masa sana'a, ku biya shi haƙƙinsa cif. Zumuntar Mata da ƙungiyar Bincent na Paul, ku san gidajen da baƙi suke, ku raka mai ciki asibiti, ku raka baƙo wurin mai unguwa. Malaman makarantunmu, kada a mayar da yaro gida domin takardunsa sun ƙone tare da garinsu. Katekis, ku taimaki waɗanda rajistar baftismarsu ko ta aurensu ta ɓace. Hukumar Adalci da Zaman Lafiya ta dayosis kuma ta ci gaba da tuna wa wakilanmu a majalisa cewa abin da Nijeriya ta sa wa hannu bashi ne a wuyanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa muke so mu yi wannan tare da limamai da masu unguwanni da maƙwabtanmu duka.

A Matiyu sura 25 Ubangiji ya gaya mana tun da wuri tambayoyin da zai yi a ranar shari'a, ɗaya daga cikinsu kuwa a kan baƙo ce, domin ya ce abin da aka yi wa baƙon, shi aka yi wa. Al'ummai ne za a tara a gabansa a ranar nan, manyansu da ƙananansu, masu ƙofa da masu dinari, kowa kuma zai ba da lissafin abin da aka danƙa masa.

Bari Allah Uba, wanda ya bi da Isra'ila a jeji, ya kiyaye dukan waɗanda suke kan hanya a daren yau. Ya sāka wa mutanen Maraɗi da na Difa da dukan masu masauki da alheri. Ya ba shugabanninmu zuciyar cika alkawari, ya kashe wutar da take korar mutane daga gonakinsu, ya komar da kowa gida lafiya. Uwargidanmu ta Fatima, wadda ta san zaman baƙunci a Masar, ta yi addu'a dominmu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.